Tudu Uku a Jikin Wabur

A Jazira ba mu da itace. Wanda bai zauna can ba zai yi mamaki, don yana jin ana cewa ƙasar ruwa ce. Ruwa kam akwai shi, tur'a, wato magudanar ban ruwa, ta bi nan ta bi can, amma sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga bishiyar da za ka karya wa reshe ba. Da karan dawa muke girki, da busasshen kashin shanu. Karan auduga shi ne mai wuta mai kyau, shi kuma an hana ajiye shi. In an gama cirar auduga sai a tumɓuke karan daga hawasha, wato gonar da ake wa ban ruwa, a tara shi a fili, a banka masa wuta, wai don kada cutar da ke jikinsa ta kai wata shekara. Mu mata sai mu tsaya a bakin ƙauye muna kallon wutar girkin shekara tana tashi sama. Wadda aka samu ta ɓoye ƙunshi a bayan ɗaki, mijinta ne zai amsa kira.

Shi ya sa da wabur ya shigo ƙasar, babu macen da ba ta sa shi a rai ba. Ɗan murhu ne, tulun tagulla mai ƙafa uku. A zuba masa jaz, wato kananzir, a buga masa iska, ya kama da ƙara kamar zai tashi sama. Iri biyu ne a kasuwar Wad Madani. Akwai na Turai, mai nauyi, wanda aka buga wa alamarsa a cikin ƙarfen, ko makaho ya shafa zai ji ta. Wannan sai matan masu hawasha. Akwai kuma na Masar, mai araha, shi alamarsa fenti ce ja a gefen tulun: tudu uku masu tsini kamar an tara dawa a masussuka, da rubutu a ƙarƙashi. Ni ban yi karatu ba, ban san abin da rubutun ke cewa ba. Tudun dai na sani.

Ƙanina ne ya gaya mini dalilin arahar. Ya ce na Turai in ya sauka daga jirgi sai mutanen jamarik, masu karɓar harajin kaya, su ɗora masa mai nauyi. Masar kuwa gwamnatinsu da tamu sun yi yarjejeniya, kayansu su shigo mana da sauƙi, raƙumanmu da riɗinmu su shiga musu da sauƙi. Amma da sharaɗi: sai an tabbatar a Masar aka ƙera abin. Jan tudun nan shi ne shaida. Ban yi mamaki ba. Mu da kanmu a kowane ofis ana tambayar mu inda aka haifi kakanmu, to wabur wane ne da ba za a tambaye shi ba.

Wannan ƙanin nawa a hannuna ya ƙarasa girma. Da mahaifinmu ya rasu a Mai Wurno ya biyo ni Jazira, ya shiga aikin ban ruwa tare da mijina a hawashar wani Balarabe. Aikin shi ne ka tsaya a cikin ruwa da shebur, ka buɗe wannan hanya ka toshe waccan, shekara da shekaru. Tsargiya ta kama shi, kamar yadda take kama duk mai wannan aiki, sai dai shi tasa ta yi tsanani. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka tsuke. Likitan Wad Madani ya yi masa allurai, ya kuma gaya masa a gabana cewa maganin zai kore ta, amma in ya sake komawa ruwa za ta dawo, kuma hantarsa ba za ta ɗauki zuwa na biyu ba.

Sai ya koma gidan mahaifinmu a Mai Wurno. Ya sayar da jakinsa da saniyar da ya gada, ya sayo akwatuna biyu na wabur ɗin Masar daga wani babban ɗan kasuwa. Ya gyara ɗan dukkan, wato shago, a bakin kasuwa don ajiya. Shirinsa shi ne ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan yana bin lori zuwa ƙauyukan Jazira, inda ya san kowace mace da irin hayaƙin da take sha. A Mai Wurno kanta bai sa ran ciniki ba, don bagaruwa ta cika bakin kogi, gawayi kamar kyauta. Shirin ba laifi. Ni da kaina na ce masa ba laifi, kuma ba na yawan faɗin haka.

Matarsa 'yar garin Abu Na'ama ce, ba su daɗe da aure ba. Ban taɓa samun ta da ƙarya ko tsegumi ba. Abu ɗaya ne da ita, ba ta iya zama. In ta ga tabo a jikin kwano sai ka ce a jikinta yake. Kuma ba ita kaɗai ba ce, haka aka yi mana tarbiyya duka. A wajenmu kayan girkin da ya fito daga hannun baƙo ba ya taɓa abinci sai ya sha toka da tsamiya, don ba ki san wa ya taɓa shi ba, ba ki san abin da ya ci ba. Da wannan kakanninmu suka taho daga Sakkwato. Kuma in mata suka shiga ɗakinki, tasoshinki suke fara dubawa kafin fuskarki.

Kayan sun yi doguwar tafiya a jirgin ruwa da na ƙasa, cikin ciyawa mai laima. Da ƙanina ya fasa akwatunan a tsakar gida sai ya ga tagullar ta dushe, wasu har sun yi kore-kore. Ya yi tsaki ya ce wa zai sayi abu haka. Ba da kowa yake ba. Washegari ya tafi Sinnar neman lasisin dukkan. Ita kuwa ta ji wannan tsakin daga ɗaki. Yana fita ta aika wa maƙwabta, aka yi gayya.

A ranar na sauka daga lori, na zo duba jikinsa. Na shiga gidan da la'asar na tarar da tsakar gida kamar an zuba rana a ƙasa. Wabur jere a kan tabarmi, kowane yana ɗaukar ido. Mata sun zauna suna hutawa, yatsunsu sun yi yaushi, ruwan toka ya yi hanya har bakin ƙofa. Suka yi mini sannu da zuwa suna jiran in yaba. Na ɗauki ɗaya na juya shi. Na ɗauki wani.

Na ce, "Ke, ina tudun?"

Ta ce, "Wane tudu, Yaya?"

"Jan zanen da ke nan gefe."

"Ai shi ya fi ba mu wahala. Tsamiya ta kasa shi, sai da muka haɗa da yashi."

"Duka kuka goge?"

"Ba mu bar ko ɗaya ba, Yaya."

Da alfahari ta faɗa. Na ajiye wabur ɗin na nemi ruwan alwala.

Ƙanina da ya dawo sai da ya fara murna. Ya ce yanzu kam sai ka rantse na Turai ne. Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na yi. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce wataƙila ba wanda zai tambaya, ai yana da takardar ɗan kasuwa. Na ce masa za a tambaya.

A lokacin ana shigo da kayan Turai ta ɓarauniyar hanya daga wajen Habasha, a kan jakuna, fitilu da wabur da batura, ba su bi ta hannun jamarik ba. Masu wannan sana'a suna sa zarto su kankare alamar da ke cikin ƙarfen. Saboda haka duk wabur sabo mai walƙiya da ba shi da alama, an san sunan da ake ba shi.

Ranar kasuwa ƙanina ya jera kaɗan a gaban dukkan, don ya ga yadda mutane za su karɓa. Ina zaune a gefe. Ni matar Jazira ce, na sha rana a hawasha tare da maza, ba mai tambaya ta dalilin fita. Matan Mai Wurno ne ba sa fita. Da hantsi mota ta tsaya, mufattish na jamarik ya fito, wato mai bin kasuwanni yana duba kaya. Dogo ne, ya fara furfura, ba ya ɗaga murya. Ya wuce masu fitilu, ya wuce masu batura, walƙiyar nan ta jawo shi har gabanmu. Da Larabci aka yi maganar.

Ya ce, "Na ina ne?"

Ƙanina ya ce, "Na Masar, Afandi," ya miƙa takarda.

Ya karanta. Ya ce, "Takarda ta ce na Masar, masu alama. Ina alamar?"

"Mata ne suka wanke, Afandi."

"Suka wanke."

"Da toka da tsamiya. Da ɗan yashi."

"Fentin nan a wuta ake gasa shi, ɗan'uwa. Na sha jin labarai a wannan aiki, amma wannan sabo ne." Ya juyo wajena. "Ke ce, Hajja?"

Na ce, "Ba ni ba ce. Da ni ce da na tambaya tukuna."

Ya yi bayani ba tare da fushi ba. Kayan da ba su da shaidar asali dole ya kwashe su zuwa ma'ajiya a Sinnar, a lissafa su a matsayin na Turai da aka shigo da su a ɓoye, magana ta tafi gaba. Abin da ya shiga ma'ajiyar nan kuwa kowa ya san ba ya saurin fitowa. Ƙanina ya zauna a kan akwati. Na ga ya dafe cikinsa, wurin da ya kumbura a da. Jaki ya tafi, saniya ta tafi, aikin da ya sani ban da wannan guda ɗaya ne, na cikin ruwa.

Mufattish bai tafi kiran masu ɗauka ba. Ya ɗaga wabur ɗaya ya gwada nauyinsa a tafin hannu, ya bi bakin ɗinkin ƙarfen da babban yatsa.

Ya ce, "Ni na san na Masar ne. Baturen da ya yi irin wannan walda da tuni an kore shi. Amma abin da yatsana ya sani ba ya shiga rahoto, sai abin da idona ya gani. In toka da tsamiya suna cire fentin nan, a cire a gabana."

Ya kira direbansa, wani kakkauran mutum mai yawan magana, ya ce ya kawo wabur ɗin da yake dafa musu shayi a hanya. Na Masar ne, kansa ya yi baƙi, amma tudun uku suna nan ja wur.

Direba ya ce, "Afandi, ko wata bai yi a hannuna ba."

"Shi ya sa. Fentin bai tsufa ba." Sannan ya ce wa ƙanina, "Wadda ta yi wancan ita za ta yi wannan."

Ƙanina ya ce, "Matata ba ta fita, Afandi."

Aka tsaya a nan. Mutane sun riga sun taru, har da dattawan unguwa da suka san mahaifinmu. Matar aure ta fito gaban baƙon namiji ranar kasuwa, a gidan da ba a taɓa yi ba, wannan magana ce da za ta bi yaransu. Mufattish ya ce shi ma a gidansu haka ne, amma ba zai rubuta ya ga abin da bai gani ba. Na ce ni in yi. Ya ce a'a, ni na ce ba ni ba ce, kuma ya yarda da ni.

Na juya Hausa na ce wa ƙanina, "Kai, mi ya ce yana son gani?"

"Ita, Yaya."

"Ba fuskarta ya tambaya ba. Hannu ke wanki."

Ya dube ni, ya dubi dattawan. Ɗaya daga cikinsu ya ɗan gyaɗa kai, ko kuwa ƙuda ya kora, ban tabbatar ba. Ƙanina ya ɗauka gyaɗawa ce.

Aka tafi gidan. Tsakanin zaure da cikin gida akwai zana. Aka ɗage gindinta kamar taki ɗaya daga ƙasa, aka tokare da duwatsu. Aka shimfiɗa wa mufattish tabarma ta wannan gefe, direba ya tsaya a kansa, ni na zauna a bakin zanar inda za ta ji ni. Sai ga hannuwa biyu sun fito ta ƙasa, da sauran lalle a farce, sun jawo ƙwaryar toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya da ɗan yashi a tsumma.

Ta ce a hankali, "Yaya, duka zan goge?"

Na ce, "Yadda kika yi wa na mijinki."

Ta fara aikin. Wannan abin ta sani. Ta shafa tsamiya ta bar ta ta ci, ta bi da toka, sannan ta sa yashi tana murzawa da gindin tafin hannu. Ƙarar gogar ta cika zauren. Tudu na farko ya fara dushewa daga tsini.

Direba ya ce, "A hankali, 'yar mutane. Ki bar mini ko ɗaya, in riƙa tunawa da su."

Aka yi dariya a zaure. Hannuwan ba su tsaya ba. Na biyu ya tafi, na uku ya bi shi, rubutun ma ya bi su. Ta ɗauraye, ta goge da busasshen tsumma, ta turo shi waje. Har ta kai hannu kan baƙin da ke samansa, na buge mata yatsu.

Mufattish ya ɗauka ya kara da ɗaya daga na ƙanina. Sai ya fara rubutu.

Direba ya ce, "To yanzu nawa ma ba shi da asali, Afandi. In aka tsare mu a hanya fa? Kai za ka kama ni ko abokan aikinka?"

"Naka ya sha hayaƙi. Abin da aka yi girki a kai kayan gida ne, ba haja ba. Ba mai tambayar sa."

Da ya gama rubutun ya ce wa ƙanina ba zai kwashe kayan ba, ya shaida da idonsa. Amma shaidarsa iyakarta yankin da yake dubawa. Daga Sinnar zuwa arewa wasu ne ke tsaye a hanya, za su ga sabon wabur babu alama, su yi abin da shi ya kusa yi, kuma ba za su bi shi gida kallon hannuwa ba. Ya ce, "Ka sayar da su a nan." Ƙanina ya yi godiya, ya raka shi har mota.

A nan ɗin kuwa ba masu saya. Wani malami ya ɗauki ɗaya, mai shayin tasha ya ɗauki ɗaya, sauran suna jere suna walƙiya, mutane su tsaya su yaba su wuce su sayi gawayi. Na ƙara kwanaki a gidan. Mijina ya aiko cewa an saki ruwa, mai hawasha yana neman mutum, in babu zai ɗauki wani. Ba don ƙanina ya aiko ba, labari ne kawai. Amma da safe na ga ƙanina ya fito da tsohon shebur ɗinsa yana duba ƙotar.

Na ce, "Ka ji abin da Afandi ya gaya wa direba?"

"Na ji."

"To?"

"In suka yi hayaƙi, Yaya, kuɗin tsoho za a ba ni."

"Kuɗin tsoho za a ba ka. Ko ka karɓa, ko ka koma ka tsaya cikin tur'a."

Washegari ya shigo da garwar jaz.

Aikin ya sake faɗawa kanta. Kowane wabur sai ta kunna shi, ta ƙi ba shi isasshiyar iska don wutar ta yi ja ta yi hayaƙi, ta ɗora kunu ta bar shi ya tafaso ya zubo ta gefe, ta soya albasa mai ya fantsama. Sannan ta sauke, ta bar shi yadda yake, ta ɗauko na gaba. Abubuwan da ta ci fatar hannunta a kansu, ita ta baƙanta su da kanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba. Sau ɗaya ta ce, "Yaya, ko ƙafafun in ɗan share?" Na ce ko ƙafafun. Daga nan in ta sauke tukunya sai ta zauna ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya.

Ko da baƙin ma ƙanina ba zai ɗauke su da yawa a lori ba, don namijin da ke tafe da tarin wabur ɗan kasuwa ne, ko yaya launinsu. Sai dai babu macen Hausa a Jazira da ba ta da dangi a Mai Wurno. Wadda ta zo suna, wadda ta zo gaisuwa, sai ta biya ta dukkan ta sayi nata, ta ɗaure shi cikin ƙunshi tare da kwanoninta. Ni na fara ɗauka. A hanya wani ma'aikaci ya kwance ƙunshina, ya taɓa wabur ɗin, ya dubi yatsunsa, ya goge a jikin lori, ya ce mu wuce.

Sannu a hankali suka ƙare. Jaki bai dawo ba, saniya ba ta dawo ba, kuma bai sake sayen akwati ba. Amma zaman da ya yi a tsakar gida yana kallon ana kunna su ɗaya bayan ɗaya ya sa ya san halinsu, wane ke toshewa a kai, wane fatar famfonsa ke bushewa, wane ke yoyo a ɗinki. Na Masar kuwa ba ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan. Matan da suka saya suka riƙa dawo masa da su, da na maƙwabtansu, har da na Turai. Dukkan ɗin ya zama wurin gyara. A kan benci ya ƙarasa rayuwarsa, ƙafarsa a bushe, har ya aurar da 'ya'ya. Shebur ɗin matarsa ce ta riƙa kwashe toka da shi.

Bayan shekaru ta kan zo mini Jazira in an yi haihuwa ko rasuwa. Tana shiga ɗakin girki sai idonta ya sauka kan wabur ɗina, baƙi ƙirin, don ni ban taɓa samun lokacinsa ba. Kafin la'asar sai in ji ƙarar goga a bayan ɗaki. Ina barin ta. Nawa ne, ba inda za shi.